Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin Makarantar da Ya Kawo Labarin Bauta Cikin Aji

Duk wanda ya taɓa canjin kuɗi a kasuwar Maraɗi, ko Garwa, ko Malanbil, ya ga fuskar Abubakar Tafawa Ɓalewa a jikin takardar naira 5. Mafi yawan mutane sun san shi a matsayin firaministan Najeriya na farko, wanda bayansa ba a sake yin wani ba, kuma wanda sojoji suka ɗauke daga gidansa na Ikko cikin daren 15 ga Janairun 1966. Abin da ba kowa ya riƙe ba shi ne, kafin ya shiga siyasa ya shafe fiye da shekara 10 yana riƙe da alli a wata makaranta a Bauchi, kuma bai wuce shekara 21 ba ya rubuta wani ɗan ƙaramin littafi a kan bauta. Littafin, mai suna Shaihu Umar, ya zama abin karatu a makarantu, daga baya aka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka kuma yi fim da shi. Ta hanyarsa ne yaran Hausawa da yawa suka fara karanta labarin cinikin bayi na Sahara da harshensu, daga bakin wanda abin ya faɗa wa.

Ɗan talaka daga ƙasar Bauchi

An haifi Abubakar a watan Disamban 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, kudu da birnin Bauchi, cikin gundumar Lere. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, Bageri ne mai hidima a gidan hakimin Lere, mahaifiyarsa kuma sunanta Fatima Inna. Bai fito daga gidan sarauta ba, kuma wannan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, domin a Arewar wancan zamani asalin mutum ke nuna inda zai zauna a zaure. Sunan garinsu ya ɗauka a makaranta, kamar yadda aka saba yi wa 'yan boko, shi ya sa ake da su Aminu Kano da Shehu Shagari.

Shekara 10 kacal kafin haihuwarsa, wato a 1902, Turawan Ingila suka ci Bauchi. Masarautar tana kewaye da ƙabilun kan duwatsu waɗanda aka daɗe ana kai wa hari ana kamo mutane, wasu a zuba su rumada su yi noma, wasu a kora su kasuwannin nesa. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa wajen 1900 bayin da ke cikin Daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi. Dokar da Gwamna Lugga ya kafa a 1901 ta hana kai hari da saye da sayarwa, ta kuma ce duk yaron da aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na shekarar ɗa ne. Amma ba ta 'yanta waɗanda ke hannu ba. Bawa sai dai ya yi ta biyan murgu, ya tara kuɗin fansa, ya je gaban alƙali a rubuta masa takarda. A ɓangaren Faransa ma, dokar Disamban 1905 ta haramta cinikin mutane a Afirka ta Yamma, amma zaman bawa da ubangida ya ci gaba a ƙauyuka da rugage. Sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a dokar Arewacin Najeriya.

Ke nan Abubakar ya tashi ne cikin mutanen da suka ga abin da idonsu. Tsoffin da ke ba yara labari a ƙofar gida, cikinsu akwai wanda ya kai hari, akwai kuma wanda aka kamo yana yaro har ya manta sunan garinsu. Ya fara da makarantar allo, sannan elemantare a garinsu, daga nan aka wuce da shi makarantar lardi a Bauchi.

A 1928 ya shiga Kwalejin Katsina, wadda Turawa suka buɗe don horar da malaman da za su koyar a makarantun Midil na Arewa. A nan ya tarar da Ahmadu Bello, daga zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya riga shi shiga da shekara 2. Kwalejin ta shahara wajen koyar da Ingilishi, Abubakar kuwa ya ƙware a harshen ƙwarai, ga murya mai kauri da natsuwa wadda daga baya ta sa ake masa laƙabi da mai muryar zinare. Ya gama a 1933, ya koma Bauchi ya kama aikin koyarwa a makarantar Midil.

Gasar Zariya

A shekarar da ya gama Katsina, wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Matsalar da yake son magancewa a fili take: ana koya wa yara karatu, amma ba su da abin karantawa da Hausa sai fassarar littattafan wasu. Wannan kira ne ya haifar da littattafai biyar da har yau ake lasafta su a matsayin mafarin ƙagaggun labaran Hausa na boko, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, sai Shaihu Umar na Abubakar Bauchi, kamar yadda ake kiransa a lokacin. An buga nasa a 1934.

Sauran marubutan sun fi karkata ga ban dariya, da jarumtaka, da aljanu. Imam ya ɗauki mai karatu yawon duniya cikin raha, Bello Kagara ya cika nasa da yaƙi da kirari. Matashin malamin Bauchi kuwa ya zaɓi labarin da zai iya faruwa ga maƙwabcin kowa, ya kuma ba da shi a hankali, ba hayaniya.

Labarin yana buɗewa ne a garin Rauta, kusa da Bauchi, inda wani babban malami, Shaihu Umar, ke zaune da almajiransa. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi asalinsa, shi kuma ya shiga ba su tarihinsa. A Kagara aka haife shi, ya tashi maraya, uwarsa ta auri wani bafaden sarki mai suna Makau. Bayan wani hari da aka kai, mahassada suka kai sarar Makau wurin sarki cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, aka kore shi daga gari, ya je ya zauna a Maƙarfi. Uwar ta tafi Fatika wurin iyayenta kafin ta bi mijinta, ta bar yaron a hannun amana, sai wani ya sace shi. Kura ta cinye ɓarawon a daji, wasu mutanen ƙauye suka tsinci yaron suka riƙe shi, sai kuma mahara suka faɗa wa ƙauyen suka kora shi Kano. A can wani Balarabe mai fataucin bayi, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya mayar da shi ɗa, ya ƙetare Sahara da shi zuwa garinsu Ber Kufa, ya sa shi karatu har ya zama malamin da ake ji da shi.

Uwar kuwa ba ta zauna ba. Ta bi sawun ɗanta har Kano, inda wani mai suna Ado ya yi mata alkawarin kai ta wurinsa. Da suka isa Murzuk sai ya sayar da ita. Ta kai kuka gaban alƙali, bai tsamo ta ba. Ta shekara da shekaru cikin bauta da baƙin ciki, kuma lokacin da Allah ya haɗa ta da Umar, ƙarfinta ya riga ya ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu. A hanyar komowa ƙasar Hausa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, Umar ya tsira da ƙyar, ya ƙarasa rayuwarsa yana karantarwa a Rauta.

Abin da littafin ya ɗora a gaban ɗalibi

Garuruwan da labarin ya ratsa ba baƙi ba ne ga masu karatunmu. Ayarin Kano zuwa Tarabulus ta Damagaram da Agadas yake bi, na Borno kuma ta Bilma da Murzuk. Ta waɗannan hanyoyi aka kwashi mutanen da zuriyarsu ta kafa unguwanni a Tarabulus da Tunis, inda har farkon ƙarni na 20 masu bincike suka tarar ana bori da Hausa. Wasu kuma kudu aka yi da su, ta kasuwar Salaga a Gana ta yau ko ta gaɓar Ikko da Wida, har Bahiya a Brazil, inda Hausawa suka yi ta tayar wa iyayengijinsu bore tun daga 1807.

Malam Abubakar bai ɗora laifin a kan baƙo shi kaɗai ba. Harin da aka buɗe labarin da shi, sarkin gari ne ya shirya shi, fadawansa kuma suka fita kamar masu zuwa farauta. Laifin da aka tuhumi Makau da shi ɓoye ganima ne, kamun mutanen kuwa ba wanda ya ga aibinsa a fadar. Uwar Umar Musulma ce, 'ya ce, shari'a ta hana a bautar da irinta, amma aka sayar da ita a garin Musulmi, kuma zuwa gaban alƙali bai cece ta ba. Babu wani Bature da ya zo ceto a cikin labarin. Mai karatu na ganin al'ummarsa ce da kanta, da sarkinta da fatakenta da alƙalinta.

Wurin da ya fi wuya shi ne Abdulkarim. Mutumin kirki ne ga Umar, ya ciyar da shi, ya ilimantar da shi, ya riƙe shi riƙon ɗa. Amma sana'arsa ita ce sayen mutane a Kano yana kai su arewa, kuma cinikin da ya ɗaukaka ɗan shi ne ya hallaka uwar. Marubucin bai tsaya ya yanke hukunci ba. Shaihu Umar yana ba da labarin cikin haƙuri da miƙa lamari ga Allah, ba ya zagin kowa. Wannan ya sa masu nazari suka rabu: wasu na ganin littafin ya sassauta wa bauta, tun da ya nuna ta zama sanadin ilimin Umar, wasu kuma na ganin wahalar uwar ta fi kowace huɗuba tona asirin cinikin. Ko wanne ɓangare mutum ya ɗauka, ya kamata ya tuna lokacin da aka rubuta shi. A 1934 doka ba ta gama soke bauta ba, iyayengiji suna nan da ransu, wasunsu ma su ne hukumar da ke biyan malamin albashi, kuma a ajin da yake koyarwa ɗan hakimi da ɗan bawan hakimi na iya zama a benci ɗaya.

Daga hedimasta zuwa majalisa

A 1941 ya zama hedimastan makarantar Midil ta Bauchi. Shekara guda bayan haka aka turo masa wani matashin malami daga Kano, Malam Aminu, mai son shirya wa ɗalibai wasan kwaikwayo da muhawara. A garin kuma akwai Malam Sa'adu Zungur, mai kaifin harshe da alƙalami. Su ukun suna cikin waɗanda suka raya wata ƙungiyar tattaunawa a Bauchi, inda 'yan boko ke zama da jami'an En'e da Turawa ana muhawara a kan haraji, da aikin tilas, da ikon sarakuna. Aminu da Sa'adu sun fi zafi, Abubakar ya fi son a bi a hankali, kuma wannan bambanci ne ya raba hanyarsu ta siyasa daga baya, ko da yake girmamawa ba ta gushe a tsakaninsu ba.

A 1945 ya samu tafiya Landan, ya yi shekara guda a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Da ya dawo aka ba shi aikin duba makarantun En'e ta Bauchi, aka kuma zaɓe shi zuwa Majalisar Dokokin Arewa, daga nan zuwa Majalisar Ikko a 1947. A jawabansa na farko bai ɓoye shakkarsa game da haɗin Najeriya ba, yana ganin Turawa ne suka ɗinke ƙasashe mabambanta, kuma yana tsoron Kudu, da ta yi nisa a boko, za ta danne Arewa.

Babban abin da ya fito da shi a Arewa ya faru ne a watan Agustan 1950, lokacin da ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a kafa kwamitin da zai sake duba tsarin mulkin En'e. Ya koka a kan yadda sarki shi kaɗai ke riƙe da iko, da yadda cin hanci ya yi katutu, da yadda ba a tambayar talaka ra'ayinsa a kan komai. Ga ɗan mai hidima a gidan hakimi, wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Sarakuna da yawa sun ji haushi, amma ƙudurin ya wuce, kuma cikin 'yan shekaru aka sauya doka ta yadda dole sarki ya yi mulki tare da majalisarsa.

Da Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, yana cikin jagororinta. Sardauna Ahmadu Bello ya zama shugabanta ya zauna a Kaduna, Abubakar ya zama mataimaki aka tura shi Ikko. Ya riƙe ministan ayyuka daga 1952, sannan ministan sufuri. A 1955 ya ziyarci Amurka don ganin yadda ake sufuri a kogin Misisipi, da niyyar amfani da darasin a kogin Kwara da Binuwai. Ganin yadda mutane masu asali daban-daban suka zama ƙasa ɗaya a can ya sauya masa tunani, ya dawo yana mai imani cewa Najeriya ma za ta iya. A 1957 aka naɗa shi firaminista, kuma shi ya karɓi takardun mulkin kai ranar 1 ga Oktoban 1960.

Firaminista da maƙwabtansa

Ga mutanen Nijar, Kamaru, Cadi da Dahome, mulkinsa ya taɓa rayuwar yau da kullum ta hanyoyi da dama. A watan Janairun 1961, bayan Faransa ta yi gwajin bam ɗin nukiliya karo na uku a Reggane cikin Saharar Aljeriya, gwamnatinsa ta kori jakadan Faransa daga Ikko, ta hana jiragen ruwa da na sama na Faransa sauka a Najeriya. Matakin ya burge 'yan kishin Afirka, amma ya matsa wa ƙasashen da kayansu ke bi ta tashoshi da layin dogon Najeriya, don haka aka ɗage takunkumin jiragen bayan 'yan watanni. Dangantakar jakadanci kuwa sai da ta kusa shekara 5 kafin ta dawo.

A watan Fabrairun shekarar aka yi ƙuri'ar raba gardama a yankin Kamaru da ke hannun Ingila. Kudancin yankin ya zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru, arewacinsa kuma, inda su Mubi suke, ya zaɓi Najeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Shugaba Ahmadu Ahidjo bai ji daɗin sakamakon ba, har ya kai ƙara kotun duniya. Duk da haka, ranar 22 ga Mayun 1964, Abubakar ya zauna da Ahidjo da Diori Hamani na Nijar da François Tombalbaye na Cadi a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, suka sa hannu a yarjejeniyar da ta kafa Hukumar Tafkin Cadi. Uku daga cikin mutum huɗun nan, wato shi da Diori da Tombalbaye, tsoffin malaman makaranta ne.

A fagen duniya ya tura sojoji Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, yana cikin shugabannin da matsin lambarsu ya sa Afirka ta Kudu mai wariyar launin fata ta fice daga ƙungiyar Kwamanwel a 1961, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963. Ya saɓa da Kwame Nkrumah na Gana, wanda ke son a kafa gwamnatin Afirka guda nan take. Shi yana ganin a fara da ciniki, da hanyoyi, da mutunta iyakokin juna. A gida kuma a zamaninsa layin dogo ya ratsa Bauchi da Gwambe ya isa Maiduguri a 1964, aka kuma fara ginin madatsar ruwa ta Kainji.

Shekarun rikici

Haƙurin da ya ƙawata littafinsa bai wadatar ba a siyasar Ikko. A 1962 gwamnatinsa ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, a 1963 aka ɗaure jagoran adawa Obafemi Awolowo shekara 10 bisa tuhumar shirya kifar da gwamnati. Ƙidayar jama'a ta 1962 da ta 1963 sun jawo rigima tsakanin jihohi. A 1964 aka tura sojoji ƙasar Tibi don murƙushe tarzoma, zaɓen ƙarshen shekarar kuma 'yan adawa suka ƙaurace masa a wurare da yawa. A Arewa, magoya bayan NEPU, jam'iyyar tsohon abokin aikinsa Aminu Kano, sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, tsarin da shi da kansa ya soka a 1950. Masu sukarsa na cewa ikon gaske a Kaduna yake wurin Sardauna, kuma firaminista ba ya iya saɓa wa jam'iyyarsa. Masu kare shi na cewa ba don sanyin halinsa ba, da ƙasar ta tarwatse tun kafin lokacin.

Zaɓen Jihar Yamma na Oktoban 1965, wanda aka tafka maguɗi a cikinsa, ya jefa yankin cikin ƙone-ƙone da kashe-kashe, shi kuwa bai ɗauki irin matakin da ya ɗauka a 1962 ba. A ranakun 11 da 12 ga Janairun 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin Kwamanwel a Ikko don tattauna batun Rodeshiya. Kwana uku bayan haka wasu ƙananan hafsoshin soja suka yi yunƙurin juyin mulki. A daren aka kashe Sardauna a Kaduna da Samuel Akintola a Badun, aka kuma tafi da firaminista tare da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh. Bayan kwana 6 aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Ikko zuwa Abeokuta. An kai shi Bauchi aka yi masa sutura, yana da shekara 53. Har abokan hamayyarsa sun shaide shi da cewa bai tara dukiya ba.

Littafin ya hau dandamali

Shekara guda bayan rasuwarsa, a 1967, aka buga fassarar Shaihu Umar da Ingilishi wadda Mervyn Hiskett ya yi. Sannan Umaru Ladan, tare da Dexter Lyndersay, suka mayar da labarin wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975. Lyndersay mutumin Tirinidad ne, tsibirin da aka kai 'yan Afirka bauta a gonakin rake, ya zo Najeriya yana koyar da aikin dandamali a jami'o'i. Haka labarin hanyar Sahara ya haɗu da wanda ya fito daga ɗaya ƙarshen cinikin, na Tekun Atalantika. A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗinsa da Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. Fim ɗin ya ɓace shekaru da yawa, sai a 2016 aka gano faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Ikko, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Dalilin da ya sa labarin ya karɓi dandamali cikin sauƙi yana cikin gininsa. Malami ne ya rubuta shi, ya kuma gina shi a kan darasi: Shaihu a zaune, almajirai kewaye da shi, tambaya ɗaya ta buɗe komai. Ajin makaranta ba ya buƙatar wani ado kafin ya zama zauren Rauta. Ga kuma wuraren da ke jawo muhawara da kansu, kamar tsayuwar Makau gaban sarki da tsayuwar uwar Umar gaban alƙali, inda ɗalibai za su iya tambayar wane ne ya yi zalunci, wane ne ya gani ya yi shiru.

Wannan na da amfani musamman a makarantun ƙasashen da ke karatu da Faransanci, inda darasin bauta ya fi tsayawa a kan tsibirin Gore, da Wida, da dokar Faransa ta 1848, hanyar da ta bi ta ƙofar gidajen kakanninmu kuwa a ambace ta a taƙaice. Al'adar koyarwa da wasa ba baƙuwa ba ce a ɓangarorin biyu: East ya buga wasannin Hausa shida don makarantu tun 1930, ɗaliban makarantar William Ponty a Senegal kuma sun shahara da wasanninsu a shekarun 1930.

Sai dai batun bauta ba kamar sauran ba ne. A Amurka iyaye sun sha kai ƙorafi a kan malaman da suka shirya kwaikwayon gwanjon bayi a aji, suka tsayar da yara baƙaƙe a matsayin kayan sayarwa. A garuruwanmu haɗarin ya fi kusa, domin mutane sun san gidan da ake kira na bayi, kuma har yau maganar asali na hana aure. A Nijar sai a 2003 aka sa bauta cikin manyan laifuka a kundin hukunci, kuma a 2008 kotun ECOWAS, wato CEDEAO, ta samu gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare wata mata da aka sayar tana 'yar shekara 12. Malamin da zai raba wa yara matsayi a irin wannan wasa, dole ya san ɗan wa zai ba matsayin bawa, ɗan wa zai ba na ubangida, da abin da za a kira yaron da shi a filin wasa washegari.

Hanyar da Malam Abubakar ya bi a 1933 ta rage wannan haɗari. Wanda aka sace yana yaro shi ne mafi daraja a cikin labarin, shi ke zaune a kan buzu, shi ake tambaya, sauran kuma suna saurare. Ba sai an ɗaura wa yaro igiya a wuya ba kafin aji ya fahimci abin da aka yi wa uwar Umar a Murzuk.

Kabarinsa yana Bauchi, inda aka gina masa hubbare da ɗakin adana kayansa, kuma jami'ar tarayya da ke garin tana ɗauke da sunansa, haka ma babban dandalin da aka yi bikin mulkin kai a Ikko. Littafin nasa kuwa har yanzu ana samunsa a shagunan littattafan Hausa na Kano da Zariya, kuma bai fi abin da mutum zai karance a yini ɗaya ba.